Jan feshin gano tsagewar ƙarfe: yadda na same shi a wurin aiki

Sana'ata walda ce a Argungu, kuma yawancin aikina na masu injin casa ne: tukwanen turara shinkafa, tankunan ruwa, da shaf ɗin inji, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a cikinsa. Yadda muka taso, in ana zargin ƙarfe ya tsage, guduma ake buga masa a saurari ƙara. Kunnen gwani yana kama babbar tsaga, amma wadda ba ta kai silin gashi ba wuce shi take yi. Shi ya sa na yi saƙon saitin feshin nan daga Kano, kuma kuɗin bai tafi a banza ba.

Gwangwani uku ne: na wanki, ja, da fari. Ka kankare tsatsa da fenti, ka wanke giris, ka bari wurin ya bushe. Sai ka fesa jan ka ba shi kamar minti 10 zuwa 20. Ruwa ne tsinkakke ƙwarai, duk inda ƙarfe ya buɗe baki sai ya tsotse shi. Daga nan ka goge saman, ka fesa farin sama-sama. Farar hodar ce ke janyo jan da ya maƙale a ciki, sai tsagar ta fito raɗau. Dogon layi tsagewa ce, ɗigo-ɗigo kuwa ramukan iska ne a cikin walda.

Da shi na gano tsaga a gindin shaf ɗin wani inji da ke ta jijjiga. Mai injin ya dage lafiya lau yake, har sai da na ce, "Alhaji, matso ka gani da idonka." Abin da na fi so ke nan: shaidar a fili take, ba sai an yi gardama ba. Ga shi yana aiki a kan alminiyam, inda gwajin gano tsaga da maganaɗisu ba ya ci. Dabarar ma tsohuwa ce, masu gyaran jirgin ƙasa sun daɗe suna yin irinta da mai da kananzir da alli.

Sai dai yana da sharuɗɗa, kuma zafinmu na Kebbi ne babba. An tsara shi ya yi aiki a kan ƙarfen da zafinsa bai wuce wajen digiri 50 ba. Ƙarfen da ya yini a ranar watan Afrilu yana haura haka, jan ya bushe kafin ya shiga. Don haka da sassafe nake yi, ko a inuwa. Wajen gogewa kuma, tsumma ake ɗan jiƙawa da ruwan wankin. Wanda ya fesa shi kai tsaye ya wanke har jan da ke cikin tsagar. Warinsa na da ƙarfi, yana kuma kama wuta, kada a kusance shi da tartsatsin walda.

Abin da ya fi damuna shi ne masu ɗaukar farin da bai nuna ja ba a matsayin ƙarfe ya tsira. Tsagar da ta fito sama kaɗai yake gani. Ɓoyayyen aibin da ke tsakiyar walda sai na'urar da ke tura sauti cikin ƙarfe, ko hoton eksire. Duk tankin da zai riƙe tururi mai ƙarfi, ga mutane na aiki a gefensa, ba na sallamar shi da feshi kaɗai, sai mai shi ya kira masu wancan gwajin.