Gargaɗi: mai "zabibin Faransa" ya tafi da miliyan 3 da jaka 500 nawa

Jama'a, assalamu alaikum. Kwana goma sha ɗaya ke nan ina rubuta wannan magana ina sharewa saboda kunya. Yau dai sai na faɗa, ko da za a yi da ni a majalisa. Miliyan 3 da jaka 500. Kuɗin sefa nake nufi, ba naira ba. Miliyan 3 da jaka 500 wani mutum ya karɓa a hannuna da sunan zai kawo mini zabibi daga Faransa, azumi ya zo ya wuce, ko ƙwaya ɗaya ban gani ba.

Duk wanda ya san ni a babbar kasuwar Maradi ya san shekara 22 ina sayar da dabino da aya. Ni ba baƙon kasuwa ba ne. Ban taɓa ba mutum kuɗi don ya yi mini daɗin baki kawai ba. Masu cewa kwaɗayi ne ya ja ni, ku ji yadda aka yi tukuna.

Bayan la'asar ya zo rumfata. Tare ma muka yi sallar, kafaɗarsa na gugar tawa a sahu. Ya zauna kan bencina, ya zaro wata 'yar leda daga aljihu, ya yaga bakinta da haƙori, ya zuba mini a tafin hannu. Zabibi ne ruwan zuma, mai laushi, babu iri a ciki. Ya ce, "Baba Alhaji, ɗanɗana ka ji." Na ɗanɗana. Wallahi har yanzu in na rufe ido tafin hannun nan nake gani a buɗe, da zabibin a ciki, da shi yana kallona yana jira.

Sai ya fara bayani. Ya ce Turawa sun rage shan giya, kasuwar giyar inabi ta faɗi warwas, manoman inabi a yankin Bordo na Faransa sun rasa mai saye har suna tumɓuke itatuwansu. Ya nuna mini bidiyo a wayarsa, tarakta na bin layi tana cizge kurangar inabi. Da na ji kalmar giya na janye jiki, shi kuwa ya ɗaga hannu ya ce, "A'uzu billahi, Baba Alhaji, ni da giya? Inabin muke so mu karɓe kafin su lalata shi. A busar, ya zama zabibi, Musulmi su sha ruwa da shi." Wannan maganar ce ta kama ni. Na ga kasuwa, na kuma ga kamar har lada a ciki.

Kuma ban yarda haka kawai ba, a nan nake so ku tsaya ku ji. Na sa ɗana da ke jami'a ya bincika mini a intanet. Ya dawo ya ce, "Baba, gaskiya ne." Hukumar inabi da giya ta duniya, OIV, da ke Dijon, ta ce a 2024 giyar inabin da aka sha a duniya ta sauko zuwa lita biliyan 21 da 'yan kai, rabon da a ga ƙasa da haka tun 1961. A 2023 gwamnatin Faransa ta ware Yuro miliyan 200, sama da sefa biliyan 131, don a kwashe giyar da ta yi kwantai a mayar da ita sinadarin wanke hannu da na turare. A Bordo kuwa an biya manoma su tumɓuke dubban hekta. Duk abin da mutumin ya faɗa mun same shi a rubuce. To ku gaya mini, wane ne zai ce ƙarya ce?

Na ba shi jaka 800 na farko. A'a, kafin wannan sai da ya sake zuwa sau biyu, har ya zo gida ya gaida Hajiya, ya kira ta Inna, ya kawo wa yara leda biyu ta zabibin nan. Bayan nan ne na ba shi jaka 800 hannu da hannu. Sai miliyan 1 da jaka 500 ta kamfanin aika kuɗi, wai na cika rabin kwantena. Daga baya jaka 700, wai kuɗin duwan, wato kwastan, a Lome. Ya ce tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya ta Togo suke biyowa su ratsa Burkina da rakiyar soja, dole a yi jira. Wannan ma gaskiya ne, kowane ɗan kasuwa a garin nan ya sha wannan jiran, shi ya sa ban ta da hankali ba. Na ƙarshe jaka 500, wai mota ta lalace a hanya, direba na barazanar sauke kaya. Ku haɗa: 800, da 1,500, da 700, da 500. Miliyan 3 da jaka 500.

Jaka 700 ɗin nan ba nawa ba ne. Adashen Hajiya ne da ta kwasa, tana shirin kayan ɗakin 'yarmu. Ni na je na same ta na ce, "Hajiya, ara mini, kafin Sallah zan mayar miki har da riba." Ta buɗe akwati ta miƙo mini, ko tambaya ba ta yi ba. Har yau ba ta ce mini komai ba, kuma shirun nan nata ya fi mini zafi da zagi.

Na manta ban faɗa ba, tun kafin na biya kuɗin duwan ya turo mini hoton takardar jirgin ruwa da tambari a kai, da bidiyon kwantena ana ɗorawa. Duk suna nan a wayata. Da muryoyinsa na WhatsApp, "Baba Alhaji, ka kwantar da hankalinka, kaya sun iso Lome." Zan saka hotunan hirarmu da takardun aika kuɗin duka, ɗana na rufe lambobi ne tukuna, don magana tana hannun hukuma, sun ce kada in fitar da suna yanzu.

Saura kwana tara azumi wayarsa ta daina shiga. Na je gidan da ya taɓa nuna mini, aka ce ɗan haya ne, ya kwashe tun makon jiya.

Wani Alhaji mai kawo kaya daga Turkiyya ne ya warware mini komai cikin minti biyu. Ya ce, "Alhaji, inabin giya daban, na zabibi daban." Na Bordo, irin su Merlot, ƙanana ne masu kaurin fata, cike da iri, matse su ake yi. Zabibin da muke sayarwa daga inabi marar iri ake yin sa, Sultana, daga Turkiyya da Iran da Kalifoniya ta Amurka da Sin. Ya ƙara da cewa wanda ya tumɓuke itace wane inabi ya rage masa da zai sayar? Na koma gida na nemo ledar da ya kawo wa yara, na sa farce na ɓare farar takardar da aka liƙa a bayanta. A ƙarƙashi an rubuta Turkiyya ƙarara. A nan kasuwa ya saye ta, wataƙila layi biyu daga rumfata. Kuma tun ranar farko zabibin da ke tafin hannuna ba shi da iri. Na tauna, na ji babu iri, har na yaba. Wannan ne ke hana ni barci.

Na ji labarin mai zabibin nan ya bi ta wajen masu kanti biyu a Zariya da irin wannan magana, ɗaya ma ruwan inabi marar barasa ya yi masa alkawari. Kada ku ba kowa kuɗin kayan da ba ku gani a sito ba. Wanda ya zo da zancen inabin Faransa, ku riƙe shi ku kira jandarma.

Kai kuma, na san kana karantawa. Ka shiga gidana, ka ci tuwona, ka kira matata Inna, ka tsaya kusa da ni a sahu. Miliyan 3 da jaka 500. Ban yafe ba, kuma jaka 700 na Hajiya sai ka amayar da su ko a ina ka ɓuya.