Tsibirin Lido: masaukin da ya fi cikin birnin Venis kwanciyar hankali

Duk wanda ya yi niyyar ziyartar birnin Venis na ƙasar Italiya, shawarata ita ce ya kama masauki a tsibirin Lido, ya riƙa shiga birnin da safe yana dawowa da yamma, kamar yadda muka yi ni da maiɗakina a farkon watan Yuni.

Lido siririn tsibiri ne mai tsawon kimanin kilomita 11, shi ne ya shiga tsakanin ruwan da ya kewaye Venis da tekun Adriyatik. Jirgin ruwan haya da suke kira vaporetto yakan ɗauki kamar minti 15 daga kusa da dandalin San Marko da ke cikin Venis zuwa tashar Santa Maria Elisabetta da ke Lido, sai dai tikitin tafiya ɗaya Yuro 9.50 ne, don haka sayen na kwanaki ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Saɓanin Venis inda babu mota sam, a nan akwai tituna da motocin bas da inuwar itatuwa. Abin da ya fi burge ni shi ne hayar keke da muka yi, muka bi gefen Murazzi, wato katangar fararen duwatsu da aka gina a ƙarni na 18 don tare igiyar teku, har muka kai ƙauyen Malamocco, inda muka tarar da shanya a tagogi, ƙananan jirage a ɗaure, ba hayaniya ba turereniyar 'yan yawon buɗe ido.

Bakin tekun kuwa bai gamsar da ni sosai ba. Yashin yana da laushi, ruwan ba zurfi, amma mafi kyawun wuraren na otal-otal ne da 'yan kasuwa, sun jera rumfuna da kujeru na kuɗi, ɓangaren kyauta kuma yakan cika maƙil ranar Lahadi. Sauro ma ba ya ɗaga ƙafa bayan magariba. Wajen abinci, kifi da taliya sun wadatar, amma Musulmi ya tambaya kafin ya ci, domin sukan sa giya ko naman alade a girki.

A guji ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba, lokacin bikin fina-finan da ake yi a tsibirin tun 1932, saboda kuɗin ɗaki yakan yi tashin gwauron zabi.