Sharhi Kan Kabad Ɗin Fayil Mai Durowa Huɗu: Ingancinsa Yana Ga Layin Durowa

Kabad ɗin fayil na ƙarfe mai durowa huɗu yana cikin kayan da ofis ke saye sau ɗaya sannan ya shafe shekaru yana aiki da su, ko dai cikin sauƙi ko cikin wahala. Wanda nake sharhi a kansa shi ne irin wanda ake shigowa da shi daga ƙasar Sin a wargaje cikin kwali, masu shagunan kayan ofis su harhaɗa shi kafin su kai wa mai saye. Birnin Luoyang da ke lardin Henan ya yi suna wajen ƙera irin waɗannan kayan ofis na ƙarfe, kuma girmansu bai cika nisa da na Turai ba, wato tsayi kusan santimita 132, faɗi kusan 46, zurfi kuma kusan 62. Mun saye shi ne domin ɗakin ajiyar takardu na makarantar da nake aiki, inda ake buɗe durowa ana rufewa tun daga safe har a tashi, kuma ya ga hunturu ya ga damina a hannunmu, don haka ina ganin lokacin yin magana a kansa ya yi.

A shagon akwai iri biyu da ido ba zai iya bambanta su ba idan suna rufe, domin fentinsu ɗaya ne, makullinsu ɗaya ne, tsayinsu ma ɗaya. Bambancin kuɗinsu kuwa ba kaɗan ba ne, kuma dukkan wannan bambanci yana ɓoye ne a gefen durowa, a jikin layin ƙarfen da take tafiya a kansa. Mai arahar yana da tayoyin roba guda biyu a kowane gefe, ɗaya a bakin kabad, ɗaya a ƙarshen durowar. Mai tsadar, wanda muka ɗauka, layinsa na boris ne, wato yana tafiya ne a kan ƙananan ƙwallayen ƙarfe. Idan babu komai a ciki, dukkansu biyun suna fitowa da ɗan yatsa ɗaya, kuma a nan ne masu saye da yawa suke ruɗuwa, domin ba wanda yake ajiye durowar fayil babu komai a cikinta.

Yana da kyau mai saye ya san nauyin da ake magana a kansa. Takardar A4 mai nauyin giram 80 a kowace murabba'in mita tana da nauyin giram 5, saboda haka rim ɗaya mai takarda 500 yana kaiwa kilo biyu da rabi, kaurinsa kuma kusan santimita 5. Durowar da cikinta ya kai santimita 55 za ta ɗauki kwatankwacin rim 11 idan aka cika ta, wato fiye da kilo 27, ban da nauyin fayilolin kansu da na durowar. Idan takardun fulsikaf ne, waɗanda har yanzu suke cike da ofisoshinmu, nauyin ya ɗan zarce haka. Duk lokacin da akawu ya ja durowa har ƙarshe, wannan nauyi yana rataye ne a waje, babu abin da ke riƙe da shi sai siraran ƙarafa biyu na gefe.

Layin boris na wannan kabad hawa uku ne. Akwai ƙarfen da aka kafe a jikin kabad, akwai wanda aka kafe a jikin durowa, sannan akwai na tsakiya da ba a kafe shi a ko'ina ba, yana zamewa ne tsakanin biyun. Suna shiga cikin juna suna fita kamar eriyar rediyo, kuma a tsakanin kowane hawa da na kusa da shi akwai ƙananan ƙwallayen ƙarfe da aka jera cikin wani siririn mariƙi domin kada su taru wuri ɗaya. Amfanin wannan tsari biyu ne. Na farko, nauyin yana rarrabuwa a kan ƙwallaye masu yawa da ke mirginawa, maimakon ya taru a kan tayar roba ɗaya da ke lotsewa a hankali har ta daina zama da'ira. Na biyu, wanda a ganina ya fi muhimmanci, ƙarfen tsakiyar ne yake ba durowa damar fitowa gaba ɗaya, domin ko da ta fita daga jikin kabad, shi yana nan rabinsa a ciki rabinsa a waje yana riƙe da ita. Durowa mai tayoyin roba ba ta da wannan dama, dole ne wani sashe nata, kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ya rage a ciki domin kada ta faɗo.

Duk wanda ya yi aiki a rajista ya san abin da wannan kashi ɗaya cikin huɗu yake jawowa. Fayilolin da ke can baya ba a ganin sunayensu, sai an cusa hannu ana lalube, a murɗo fayil ta ƙarƙashin bakin durowar sama har gefensa ya yage. Daga nan ma'aikata su daina mayar da fayil wurinsa, su riƙa cusa komai a gaba, tsarin haruffa ya lalace, wata rana tsohon ɗalibi ya zo neman takardar shaidarsa a ce masa ba a ga fayil ɗinsa ba, alhali yana nan a lanƙwashe a bayan durowa. A wannan kabad, fayil na ƙarshe yana fitowa fili kamar na farko, ana ɗaga shi a miƙe a mayar da shi a miƙe. Dalilin ajiye takardu a tsaye ke nan tun asali. Lokacin da kamfanoni irin su Library Bureau suka fara sayar da wannan tsari a Amurka a shekarun 1890, abin da suka zo da shi shi ne a iya ciro takarda ɗaya ba tare da an ɗaga na samanta ba, kamar yadda ake yi a lokacin da ake jibge takardu a kwance ko a naɗe su cikin ƙananan ramuka. Durowar da ba ta fitowa duka ta zubar da wani ɓangare na wannan amfani.

Wajen ja kuwa, durowar a cike tana buƙatar ɗan ƙarfi a farkon motsi kawai, saboda a ƙarshen layin akwai wata 'yar roba da ke kama ta idan an rufe domin kada ta zame ta buɗe da kanta. Da zarar ta saki, sai tafiya ta yi santsi har ƙarshe, babu kaɗawa hagu da dama, kuma babu wannan faɗuwar baki da durowa mai taya take yi idan ta kusa ƙarewa. Wata ma'aikaciyarmu da ke fama da ciwon kafaɗa tana buɗe durowar sama da hannu ɗaya, abin da ba ta iya yi da tsohon kabad ɗinmu.

Akwai wani hali na layin boris da ya kamata a sani, domin mutane kan ɗauka lalacewa ce. Idan aka daɗe ana buɗe durowa rabi-rabi, mariƙin ƙwallayen yakan gusa daga inda ya kamata ya tsaya, sai ran da aka so buɗe ta duka a ji ta cije kafin ƙarshe. Maganin shi ne a ja ta a hankali amma da ƙarfi har ta kai iyakarta, a mayar, a sake ja, ƙwallayen za su koma mazauninsu.

Abu na biyu da na yaba shi ne abin da ke hana buɗe durowa biyu a lokaci guda. Kabad mai durowa da ke fitowa gaba ɗaya yana da haɗarin da mai gajeriyar durowa ba shi da shi sosai, domin nauyin yana fita nesa da gindinsa. Idan durowar sama da mai bi mata suka fito tare a cike, an rataya fiye da kilo 50 a gaban kabad, kuma idan na ƙasa babu kaya, zai kifo kan wanda ke tsaye a gabansa. A cikin bangon gefe na wannan kabad akwai sandar ƙarfe a tsaye mai gaɓoɓi, wadda aka bar mata sarari ɗan kaɗan da zai ishi durowa ɗaya kacal. Idan aka ja durowa, wani ɗan ƙarfe a gefenta yana shiga tsakanin gaɓoɓin ya cinye wannan sarari, sauran ukun su kulle har sai an mayar da ita. Mun gwada jan biyu tare da gangan, ɗaya ce ta fito. Makullin ma da wannan sandar yake aiki, shi ya sa juyi ɗaya yake rufe duka huɗun. Wannan kariya ba ado ba ce, tana cikin abubuwan da ƙa'idojin gwajin kayan ofis suke dubawa, irin su ANSI/BIFMA X5.9 a Amurka da EN 14073 a Turai. Duk da haka ba ta ɗauke wa mai amfani nauyin fara cika durowar ƙasa kafin ta sama ba, kuma a wurin da yara ke shiga, ɗaure kabad ɗin da bango ya fi kwanciyar hankali.

Inda kabad ɗin ya gaza kuma ba zan rufe ba. Mariƙin da ake ja da shi wani rami ne da aka lanƙwasa a jikin fuskar durowar, kuma bai yi zurfin da yatsu huɗu za su shiga su zauna ba. Ga durowar sama wannan ba matsala ba ce, amma ga ta ƙasa, wadda bakinta yake kusa da idon sawu, sai mutum ya durƙusa ya juya tafin hannu sama kafin ya samu abin kamawa. Na ga ma'aikata suna jan ta da gefe ɗaya, wani ma da ƙafa, kuma jan durowa da gefe ɗaya shi ne abin da ya fi saurin kashe layin boris, domin yana tilasta wa ƙwallayen gefe ɗaya ɗaukar abin da aka tsara wa gefe biyu. Abin takaici ne a kashe kuɗi a kan layi mai kyau sannan a yi rowar santimita ɗaya a wurin da hannu ke taɓawa kullum.

Gazawa ta biyu ta fi shafar yadda muke aiki a nan. An ƙera cikin durowar ne domin fayiloli masu rataya, waɗanda suke da ƙugiya a gefe biyu suna zamewa a kan bakin durowa. Mafi yawan ofisoshinmu kuwa fayil ɗin kwali na gargajiya suke amfani da shi, wanda ake ɗaure takardu a ciki da igiya, kuma shi ba ya tsayuwa da kansa. Tsofaffin kabad suna da farantin ƙarfe a cikin kowace durowa da ake matsowa gaba ya tokare fayiloli, a ja shi baya idan sun ƙaru. Wannan ba shi da farantin ko ɗaya, don haka idan durowa ba ta cika ba, fayilolin sukan zame su kwanta, kuma duk sauƙin da layin ya kawo sai ya tafi wajen tayar da su. Dole ta sa muka sayi fayiloli masu rataya muka riƙa saka na kwalin a cikinsu, wanda ƙarin kuɗi ne da mai shagon bai ambata ba, kuma yana cin wuri.

Sai batun harhaɗawa da zama. Ƙarfen jikin siriri ne, bai kai milimita ɗaya ba, kuma ƙarfin kabad ɗin ya dogara ne ga yadda kusurwoyinsa suka daidaita. Ba shi da ƙafafun da ake murɗawa a daidaita tsayinsu, alhali daɓen siminti a gine-ginenmu ba kasafai yake zama a miƙe ba. Da aka fara ajiye shi, durowa ta biyu ta riƙa gogar gefe, makullin kuma yana ƙin juyawa sai an danna fuskar durowar. Ba layin ne ya samu matsala ba, jikin ne ya ɗan murɗe saboda kusurwa ɗaya tana reto. Da aka saka ɗan falle na katako a ƙarƙashinta, komai ya koma daidai. Mai saye ya tsaya a kan yaran shagon har su daidaita shi a inda zai zauna, ya gwada kowace durowa da makulli kafin su tafi.

Ƙura ita ce babbar abokiyar gabar layin boris a ƙasarmu. Giris ɗin da aka shafa masa daga masana'anta yana kama ƙurar hunturu, su haɗu su zama wani kauri mai yashi-yashi, sai a fara jin ƙara-ƙara idan ana ja. Taya ta roba ta fi jure wannan, kuma wannan ne kaɗai wurin da na ga mai arahar ya fi. Gyaran ba shi da wuya: a kwashe fayilolin, a danna 'yar robar da ke tsakiyar layin a kowane gefe a zare durowar, a goge tsohon giris da tsumma mai tsabta, a shafa sabo kaɗan. Kada a zuba baƙin mai ko man gyaɗa, domin na farko yana ɗiga a kan takardu, na biyu kuma yana daskarewa ya yi danƙo. Yin haka bayan wucewar hunturu ya wadatar a ofishin da ake rufe tagoginsa.

Wasu masu saye suna ɗauka cewa tunda na ƙarfe ne zai kare takardu daga gobara, kuma ba haka ba ne. Ƙarfe mai falle ɗaya yana isar da zafi ciki cikin ɗan lokaci. Kabad ɗin da aka yi domin gobara yana da bango mai kauri da abin hana zafi shiga a tsakiyarsa, ana gwada shi ne a kan kada zafin cikinsa ya wuce digiri 177 a ma'aunin Salshiyas, kuma nauyinsa da kuɗinsa sun ninka na wannan.

Ga ofishin da ake buɗe durowa jefi-jefi, kamar shagon da ke ajiye rasiɗai, mai tayoyin roba zai iya isa. Ga rajistar makaranta, asibiti, kotu ko ofishin lauya, inda durowa ke cike kuma hannu ba ya barinta, ina ba da shawarar wannan mai boris ɗin duk da gajeren mariƙinsa da rashin farantin tokare fayil, domin waɗannan ana iya zama da su, amma layin da ya lotse babu yadda za a yi da shi sai sauyawa. Wanda zai saya ya roƙi mai shago ya zuba rim biyar ko shida na takarda a durowar sama, ya ja ta har ƙarshe ya duba ko bangon bayanta ya fito daidai da bakin kabad, ya ɗan danna bakinta ƙasa ya ji ko tana sunkuyawa, sannan ya gwada jan wata durowar alhali wannan tana buɗe. Ya kuma tambaya ko shagon yana sayar da layin shi kaɗai, ya auna tsawonsa ya rubuta a ajiye, domin tsawon layukan ya bambanta, kuma wanda bai yi daidai da ramukan jikin kabad ba ba zai ɗauru ba.