Sashen Rigakafi na Asibitin Unguwarmu: Yadda Suke Kula da Mai Shayarwa da Jaririnta

Abin da ya fi burge ni a sashen rigakafi na ƙaramin asibitin unguwarmu shi ne yadda ma'aikaciyar jinya take zama ta amsa tambayoyin masu jego ba tare da tsawa ba. Tambayar da ta fi yawa ita ce ko allurar da aka yi wa uwa za ta ɓata nono. Amsarta daidai take da shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya: allurar tsinkau-tsinkau da mashaƙo, da ta ciwon hanta, ba sa hana shayarwa. Inda take jan kunne shi ne allurar cutar shawara, wadda ake jinkirta wa uwar da jaririnta bai kai wata 9 ba, sai dai idan annoba ta ɓarke.

Lokacin yi wa jariri allurar mako 6, 10 da 14, takan ce, "Maman yaro, ba shi nono yanzu," domin tsotso yana rage masa zafin allura, kuma ba ya raunana ɗigon shan inna. Na ga ta ɗauko kwalba daga akwatin sanyi, ta duba alamar da ke jikinta mai nuna ko zafi ya lalata maganin, sannan ta buɗe sabon sirinji a gaban uwar.

Matsalarsu ita ce cunkoso, ga ƙarancin benci, kuma bayanin zazzaɓin da kan biyo bayan allura a gurguje ake yinsa. Duk da haka, kyauta ne, kuma ina ba masu shayarwa shawarar su je da sassafe, da katin yaro a hannu.