Robar gilashin tsohuwar Hilux: wacce za ka saya a Legas

Motar ta kawuna ce, Hilux ƙirar 1994, ta yi shekaru tana jigilar albasa da tattasai daga Mile 12 zuwa Agege. Da ƙarfinsa ya ja baya ya miƙa mini makullin, na ɗauki niyyar mayar da ita yadda na san ta ina yaro. An sauke inji an ɗaure, fanalbita ya yi nasa, an watsa fenti. Abin da na bari a ƙarshe, don ina ganin ƙaramin abu ne, shi ne robobin gilashi, kuma su suka fi cin kuɗina da baƙin cikina.

Robar ba ɗaya ba ce. Akwai babbar da ta zagaye gilashin gaba, da ta gilashin baya. Akwai wadda ke cikin ƙofa, mai laushi kamar karan-miski, wadda gilashi ke bi idan ana ɗaga shi ko sauke shi. Akwai siririyar da ke bakin taga tana share ruwa daga jikin gilashi, sannan robar ƙofar kanta. Hilux ta zubin 1988 zuwa 1997, kamar a-kori-kurar Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, roba ce ke riƙe gilashin gabanta, saɓanin motocin yanzu da ake manne nasu da gam. Ke nan idan robar ta mutu, ruwa ya samu ƙofa, gilashin ma ya rasa mariƙi.

A Kano ko Sakkwato rana ce ke kashe roba. A Legas rana na nan, ga ruwan Yuni da Yuli da ke kwana yana zuba, ga iskar teku mai gishiri. Ɗigon da ya shiga ta kusurwar gilashi yana kwanciya a ƙarƙashin robar, ya ci bakin ƙarfen a ɓoye, ya gangara bayan dashbod ya jiƙa wayoyi, ya taru ƙarƙashin kafet. Kafin ka ga tsatsa a waje, ciki ya riga ya ruɓe.

Tokunbo, wadda mu muke kira Beljiyam, ban ba ka shawara ba ko kyauta ce. Robar da aka ɓalle daga motar da ta kai taka tsufa ba ta da sauran rai, ko da a ido tana da kyau. Inji da giya Beljiyam ɗinsu na da amfani, roba kuwa a'a.

Wadda ake yankawa da awo daga nadi tana yi wa bakin ƙofa aiki idan babu yadda za a yi. A gilashin gaba kada ka kusance ta, don ba ta da kusurwa, kuma inda aka haɗa bakinta nan ruwa zai bi.

Sai sababbi na kamfanonin da ba Toyota ba, galibi daga Tailan da Taiwan da Sin. A cikinsu akwai na kirki, musamman na Tailan inda ake ƙera Hilux ɗin kanta, amma sai mai ido ke iya ware su daga tarkace. Ga robar cikin ƙofa da mai share ruwa, na yarda da su.

Gilashin gaba da na baya kuwa, ni dai orijina ta Toyota nake saya, kuma ita nake so ka saya. An zuba ta ne a ma'aunin wannan motar, kusurwoyinta huɗu a lanƙwashe suke tun daga kamfani, ba sai an tilasta mata ba. Idan ka shimfiɗa ta a ƙasa za ka ga siffar gilashin ta fito da kanta. Irin robar da ake yi wa wannan aiki ana kiranta EPDM, wadda ke jure rana da ruwa shekara da shekaru ba ta tsage ba, saɓanin mai araha da ake cakuɗawa da leda, wadda zafi ke sa ta ƙanƙance ta janye daga kusurwa. Leɓenta na kwanciya a jikin fenti lif, ramin da gilashi ke shiga daidai kaurin gilashin yake. Ranar da aka sa mini ita, mai sa gilashin, wani dattijo a Agege, ya ja igiyar da ake shigar da robar bakin ƙarfe da ita sau ɗaya ta zauna, ya ce mini, "Alhaji, ka ga wannan ba ta gardama." Ta fi tsada nesa ba kusa ba, wani lokaci ma sai an yi oda ka jira makonni. Ka jira. Ka tafi da lambar shasin motarka, domin ta mai gida ɗaya da ta mai gida biyu ba lallai su zo ɗaya ba, gilashin baya mai zugewa da wanda ba ya motsi kowanne da robarsa, kuma akwai roba mai ramin adon ƙarfe, akwai marar shi. Lambar kayan Toyota goma ce, biyar da biyar, ta robar gilashin gaba tana farawa da 56121.

Yanzu ga inda na ƙone. Kafin in kai ga wannan, na sayi wata a wani shago, cikin leda mai tambari, da lamba a jiki, tana ƙyalli baƙa wuluk. Mai shagon ya rantse mini orijina ce. Damina ɗaya ba ta ƙare ba kusurwar hagu ta buɗe, ruwa ya cika ƙasan motar, sabon fentin da na biya ya kumbura a gindin gilashi. Sai da aka sake cire gilashin, aka yanke ƙarfe aka yi walda, aka sake fenti, kuma wajen cirewa gilashin ya tsage. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kawu ya ga motar a haka.

Saboda haka ka saurare ni. Leda da tambari ba shaida ba ne, ana buga su kamar katin biki. Ladipo a Mushin da kasuwar kayan mota ta Trade Fair a hanyar Badagry duk akwai 'yan kasuwa masu amana da kaya na gaske, amma tun daga bakin hanya 'yan kamasho za su tare ka, kowa na cewa shagon ogansa ne ke da ita. Wanda ya karɓi tsohuwar robarka a matsayin samfuri ya ce ka zauna yana zuwa, ba ka san inda ya ɗauko ba, kuma ladarsa a cikin kuɗinka take. Ka je da makanikenka, ka je da tsohuwar robarka ko da guntu ce, ka shiga shagon da kanka. Ka sa a buɗe ledar a gabanka. Ka ninke robar biyu ka duba bayan ninkin a haske: idan ƙananan tsagu sun bayyana, tsohuwa ce aka wanke. Ka goga farin ƙyalle a jikinta, domin ana shafa wa tsohuwa man birki ko man goge taya ta yi ƙyalli kamar sabuwa. Sabuwa ta gaske ba ta cika sheƙi ba, baƙinta a dushe yake. Ka danna ta da farce ka ga ko za ta dawo nan take. Ka bi ta da yatsa ka nemi mahaɗi: idan ka ji tudun gam a kusurwa, daga nadi aka yanko ta aka liƙa. Ka ɗora bakin taka a kan bakin tasu ka gwada ramukan. Ka karɓi rasit mai sunan shago da sharaɗin mayarwa idan ba ta hau ba, wanda ya ƙi rubuta wannan ka bar masa kayansa. Kuma kada ka ba mai sa gilashi kuɗi ya sayo shi kaɗai sai idan ka san shi ka san gidansa.

Ko orijinar ce, mugun sawa na lalata ta. A kankare tsatsar bakin ƙarfen, a shafa maganin tsatsa da fenti, a bari ya bushe sosai. A shanya robar a rana ta yi laushi, a sa ta da ruwan sabulu da igiya, ban da sukudireba. Kada a yarda a shafa mata baƙin mai ko giris, suna kumbura EPDM. Silikon ɗin nan mai warin tsami da ake liƙa gilashin gida da shi ma yana cin ƙarfe. A kuma zura waya a buɗe ramukan da ke gindin ƙofa, don ta nan ruwan da ya wuce mai share gilashi ke fita.

Kafin ka biya kuɗin aiki, ka shiga motar ka rufe ƙofa, a sa yaro ya yi ta kwara ruwa da bokiti a kan gilashin, kai kuma kana bin kusurwoyi da busasshen hannu.