Madubin hangen nesa Celestron Nature DX 8x42: ya dace da mai kallon tsuntsaye a birni?

Ga mazaunin birni da ke son fita da sassafe yana bin tsuntsaye a lambun shaƙatawa ko bakin tafki, wannan madubi ya wadatar. Lamba 8 na nufin yana kusanto da abu sau takwas, 42 kuwa faɗin gilashin gaba ne a milimita. Mai sau 10 ya fi kusantowa, amma rawar hannu ta fi bayyana a cikinsa, kuma filin gani yana raguwa, sai kurciya ta tashi kafin ka same ta.

Abin da ya fi burgewa shi ne yana daidaita hoto tun daga nisan mita 2, har ƙurar fure a ƙafar malam-buɗe-littafi za ka gani. Ruwa ba ya shigarsa, gilashin ciki ba ya yin raɓa. Nauyinsa ya ɗan haura gram 600, wuya na gajiya idan tafiya ta yi tsawo.

Yawancin masu kukan ciwon kai bayan amfani da madubin, saiti ne ba su yi masa ba. Rufe gilashin dama, ka juya dabaran tsakiya har idon hagu ya ga abu tangaran. Sannan rufe na hagu, ka juya zoben da ke gefen dama kaɗai. Mai sa tabarau ya bar kofunan ido, wato robar da ke kewaye da inda ake ɗora ido, a ƙasa, wanda ba ya sawa ya murɗo su sama.

Aibinsa: idan shaho na kan reshe da hasken sama a bayansa, ɗan launin shunayya kan fito a gefen jikinsa. Kada a goge gilashin da bakin riga, a fara hure ƙurar tukuna, don yashi yana karce shi.