Bitar sanin halayyar yara ta ranar Asabar a wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina, ga yadda na same ta

Salam 'yan uwa malamai da iyaye. Masu ta tambayata ko bitar nan da wata cibiya ke yi duk Asabar kan yadda hankalin yaro ke girma ta cancanci kuɗin rajistarta, amsata ita ce eh ta cancanta, musamman in kina koyar da ƙananan aji a firamare ko islamiyya irina, amma akwai gyara kuma zan faɗe shi.

Wurin dai ba laifi, aji ne madaidaici da fanka da majigi, in an ɗauke wuta suna tada janareta, mata gefe maza gefe, ana tashi sallar azahar a kan lokaci. Ba wannan ne ya kai ni ba don haka bari in wuce.

Malamar da ke koyarwa da Jean Piaget ta fara, mutumin Suwizalan da ya rasu a 1980, wanda ya raba girman tunanin yaro mataki huɗu, daga haihuwa zuwa shekara 2, sai 2 zuwa 7, sai 7 zuwa 11, sai abin da ya yi sama. Da a allo kawai ta rubuta wallahi da ba abin da zai zauna min, amma sai ta sa aka kawo zoɓo da kofuna biyu iri ɗaya ta cika su daidai, ta kira ɗan wata malama da aka zo da shi ɗan shekara huɗu ta ce wanne ya fi yawa, ya ce daidai suke. A gabansa yana kallo ta juye ɗaya cikin wata kwalba siririya doguwa ta sake tambaya, yaron nan ko ɗar bai yi ba ya nuna kwalbar, har da cewa ai kin ga ta fi tsawo. Uwarsa ta buɗe baki za ta yi masa faɗa malama ta ɗaga mata hannu ta ce Hajiya ƙyale shi ba daƙiƙanci ba ne, yawancin yara sai wajen shekara 7 suke gane cewa canza mazubi ba ya ƙara abin da ke ciki. Jikina ya yi sanyi, don yara nawa ake tsula wa bulala a makarantunmu a kan abin da lokacin ganewarsa bai yi ba tukuna.

Ta taɓo Vygotsky na Rasha shi ma, mai cewa yaro ya fi koyo a abin da ba zai iya shi kaɗai ba amma zai iya in wanda ya fi shi ya ɗan tallafa masa, wannan kam mun san shi tun a makarantar allo inda babba ke biya wa ƙarami har ya riƙe.

Inda bitar ta fi burge ni shi ne ɓangaren yadda ake yin shi kansa binciken a kan yara, nan ne kuɗina ya fita. Ta nuna mana hanya biyu, ko dai a bi rukunin yara ɗaya ana duba su shekara da shekaru wanda ya fi nuna gaskiyar canji amma yana cin kuɗi da lokaci kuma wasu iyayen su tashi daga gari a rasa yaran, ko kuma a ɗauko 'yan shekara 4 da 6 da 8 lokaci guda a gwada, wannan ya fi sauri sai dai ba yaro ɗaya kake kallo yana girma ba. Sannan ta ja kunnenmu sosai cewa don abu biyu suna tafiya tare ba shi ke nuna ɗaya ne ya jawo ɗaya ba. Misalinta gwajin alawar nan na Walter Mischel a jami'ar Stanford ta Amurka, a ajiye wa yaro alawa ɗaya a ce in ya yi haƙuri aka dawo bai ci ba za a ba shi biyu, aka daɗe ana cewa masu haƙurin su suka fi yin nasara da suka girma, to a 2018 wasu suka sake duba lamarin a kan yara sama da 900 sai suka ga in aka yi la'akari da halin gidan da yaro ya fito da ilimin iyayensa, alaƙar ta ragu ƙwarai. Ni wannan ya taɓa ni, yaron da ya saba in bai ci yanzu ba anjima babu, da wane dalili za ka ce masa marar haƙuri?

Aikin gida kuwa an ce kowa ta zaɓi yaro ɗaya a ajinta ta zauna minti goma tana rubuta abin da idonta ya gani kawai ba abin da take zato ba. Kar ki rubuta yana da ƙiriniya, rubuta ya tashi daga benci ya karɓi fensir ɗin na kusa da shi ya koma ya zauna. Yana da wuya fiye da yadda kuke tsammani domin bakinmu ya saba yanke hukunci. Kuma ta ce sai an nemi izinin iyaye, ba a sa sunan yaro, ba a ɗora hotonsa a WhatsApp, na ji daɗin wannan.

To gyaran. Takardun da suka raba duk Turanci ne alhali da Hausa ake bayanin, malaman islamiyya da yawa sun koma gida da abin da ba za su iya bita ba. Na biyu wanda ya fi damuna, kusan duk misalan yaran Turawa ne. Da aka zo kan Mary Ainsworth da gwajinta inda uwa ke fita daga ɗaki ta bar jariri da baƙo a ga yadda zai tarbe ta in ta dawo, wata dattijuwa ta ce Malama mu fa nan yaro hannu nawa yake bi, kaka ta goya gwaggo ta goya yayarsa ta goya, ga kunyar ɗan fari da uwa ko sunansa ba ta kira gaban mutane, to da wannan awon sai a ce ba ta shaƙu da ɗanta ba? Tambaya mai nauyi amma aka ce lokaci ya ƙure. Abin ya ba ni haushi don ita Ainsworth ɗin kanta a Yuganda ta fara, wajen 1954 tana shiga gida gida tana kallon iyaye mata da jariransu, da nan ya kamata a tsaya a yi magana sosai mu ma mu kawo abin da muke gani a gidajen Katsina.

Na rubuta musu duka biyun a takardar jin ra'ayi. Mai niyyar zuwa ta tafi da littafi da biro don abin da malamar ke faɗa da baki ya fi na takardar yawa, kuma ta je da wuri, kujerun gaba kusa da inda ake gwajin suna saurin cika.